Ingilishi a kunnen mutanen Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sam min ɗan fili, daga Damagaram nake rubutowa kuma maganar Ingilishi ce ta kawo ni, amma ba nahawunsa ba ba rubutunsa ba, amonsa kawai, wato yadda yake faɗawa a kunnen wanda bai jin sa da irin shari'ar da muke yanke masa tun kafin mu gane ko kalma guda. Zan riƙa cewa Ingilishi ne ba turanci ba, don a nan wajenmu in ka ce turanci wani dattijon Faransanci zai ɗauka kake nufi.

Abin da ya tado zancen kowa ya sani, a watan Maris na 2025 kundin da hukumomin ƙasarmu suka fitar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, a watan ne dai kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Tun daga nan ba fadar da za ka zauna daga Birni har Zango har Garin Malam ba ka ji an taɓo Ingilishi ba, ga masu cewa a fara koya wa yara tun suna ƙanana ga masu cewa ai an gudu ne ba a tsira ba. Ni ba wannan gardamar ce ta dame ni ba, tana da masu ita. Abin da na lura shi ne da zance ya ɗan yi nisa sai a bar batun amfani a koma batun daɗi, wannan ya ce yaren 'yan gayu ne, wancan ya ce yaren marasa kunya ne, wani ya ce shi wallahi in ana yi ji yake kamar ana masa gadara, kuma in ka bi diddigi yawancin masu faɗin hakan ba wanda zai iya sayen ko ruwan leda da Ingilishin.

Akwai wani yaro a fadar unguwarmu, ɗan kabu-kabu ne, bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma Allah ya ba shi kunne da baki. In dare ya yi shayi ya kai na biyu sai a ce masa to yi mana Bafaranshe, sai ya turo leɓe gaba ya ɗage kafaɗu ya riƙa fitar da magana ta hanci yana kakari a maƙogwaro. A ce yi mana Balarabe, sai ya gyara zama ya dafa ƙirji, a nan dariyar ba ta yawa don kowa na ɗan jin nauyi. A ce yi mana 'yan Sin na matatar mai, ya sirance murya ya riƙa hawa da sauka. Amma da an ce yi mana Ingilishi sai gaba ɗaya jikinsa ya canja, ya zame a kan tabarma ya jingina da gwiwar hannu, ya karkace baki gefe guda ya saki muƙamuƙi, harshe a naɗe, sai ka ji war yu gara shwar men, a gana wara rait nau, ya no. Babu ma'ana ko ta sisin kwabo a ciki amma duk fadar sai ta ɗauki ihu ana cewa wallahi shi ne, haka suke yi. To ni abin da ya tsaya min a rai, yaron nan bai taɓa yi mana Baturen Ingila mai karanta labarai ba, bai taɓa yi mana likitan Indiya ko malamin Gana ba, kullum mutum guda yake fito mana da shi, ɗan Amurkan cikin fim da ya sha wani abu.

Ba zan ce kunnensa ya yi ƙarya ba fa, akwai abubuwan da ya kama daidai. Na farko ra ɗinsu. Mu Hausawa ra biyu gare mu, ta ruwa da ta riba, kuma duka biyun sai harshe ya bugi dasashi ko ganɗa, Bafaranshe shi tasa can cikin maƙogwaro take, amma mai Ingilishi lanƙwasa harshen yake ya bar shi a tsaye bai taɓa ko'ina ba, shi ya sa muke jin war war. Ɗan Amurka duk inda ra take sai ya furta ta, mutumin Landan kuwa in ta zo ƙarshen kalma yar da ita yake, mota wancan ya ce kar wannan ya ce kaa. Sannan ɗan Amurka in ta ta faɗo tsakiyar kalma sai ya mai da ita wani abu tsakanin da da ra, ruwan da mushe, wato malamin makaranta, ya koya mana wota shi wara yake cewa, to ka ji inda yaron namu ya samo wara ɗinsa.

Na biyu, wanda a ganina shi ne babba, haɗiye magana. Bahaushe kowace gaɓa ba ta haƙƙinta yake, doguwa a ja ta gajera a taƙaita ta amma ba a danne ko ɗaya, Faransanci ma kusan haka ne, gaɓoɓin a jere suke tafiya sai ta ƙarshe a ɗan ja ta. Ingilishi kuwa gaɓa ɗaya yake zaɓa a cikin kalma ya doke ta da ƙarfi sauran ya sake su su zama wani ɗan wasali raunanne da ba a ba ne ba e ba ne, kuma wannan raunannen shi ne wasalin da ya fi kowanne yawa a bakinsu. Ɗauki banana, ayaba kenan, mu duka ukun za mu buɗe baki mu faɗa, su ta tsakiyar ce kaɗai ke fitowa sosai na gefen sai ka kasa kunne. Ka haɗa wannan da cunkoson baƙaƙe, don su suna iya jera baƙi uku kafin a kai ga wasali su kuma jera uku ko huɗu a bayansa, alhali gaɓar Hausa baƙi ɗaya ne a gaba in ta yi yawa ɗaya a baya, shi ya sa kakanninmu da suka karɓi kayan suka yi ta cusa wasula har aka samu burodi da fursuna da sitiyari da sukurudireba. Ga kuma sa da ke ƙarshen kusan komai, jam'i da ita mallaka da ita aikatau da ita, ga sautin nan da ake sa harshe tsakanin haƙora wanda babu shi a Hausa babu shi a Faransanci. Wasula kuwa a karin Landan na makaranta sun kai wajen 20 alhali haruffan rubuta su biyar ne kacal, mu namu biyar gajeru biyar dogaye sai ai da au. To dole kunnenmu ya ji kamar ana tauna magana.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Faransawa da Jamusawa sun daɗe suna tsokanar Amurkawa wai suna magana kamar da dankali mai zafi ko cingam a baki, Faransawa har suna da sunan da suke kiran waƙar da aka rera da Ingilishin ƙarya, wai yawur, wato kindirmo. A 1972 wani mawaƙin Italiya Adriano Celentano ya fitar da waƙa sukutum da Ingilishin bogi irin na Amurka, ba ta da ma'ana, ta kuma karɓu har yau ana sauraronta, wato abin da yaron fadarmu ke yi kyauta wani ya ci abinci da shi. Har jarirai ma suna jin wannan kiɗan, a 1998 masu bincike a Faransa sun gwada jariran da ba su wuce 'yan kwanaki ba suka tarar suna bambanta Ingilishi da Japananci amma ba sa bambanta shi da yaren Holan, saboda waɗannan biyun tafiyarsu iri ɗaya ce.

Duk wannan na yarda, amo gaskiya ne. Inda nake ja shi ne wurin da ake tsallakawa daga yana haɗiye gaɓa zuwa yaren girman kai ne ko yaren wayewa ne ko yaren 'yan iska ne. Wannan hukuncin ba daga sautin ya fito ba, daga bakin da muka fara jin sa ya fito, kuma a garin nan bakunan sun sha bamban.

Ina da maƙwabci, Alhaji ne dattijo, shekara da shekaru yana kai dabbobi kasuwar Mai'aduwa yana wucewa har Kano. Shi inda ya fara jin Ingilishi a shingayen hanya ne, rana ta take, awaki na kuka a bayan mota, wani mai kaki ya doki ƙofa da tafin hannu ya ce pak wel, kom dawun, wetin yu kari, alhali in ta yi tsami mai kakin nan Hausa zai juya don a daidaita. To shi Alhaji har gobe in ya ji jikansa na bitar darasi a zaure sai ya ɓata rai ya ce a daina yi masa tsawa a gida, yaron kuwa sunayen ranakun mako yake haddacewa. A wajensa yaren umarni ne da karɓar kuɗi, ba ka isa ka gaya masa akwai uwar da ke lallashin jaririnta da shi ba. Gwaggona kuma da ke wani ƙauye ta wajen Matamaye ita in ka tambaye ta cewa take yare ne mai sanyi na masu kunya, saboda me, saboda wata 'yar Amurka cikin masu aikin sa kai na Peace Corps, waɗanda suka yi ta zuwa ƙasar nan daga 1962 har 2011, ta zauna a garinsu tana ɗaura zane tana shan fura, in 'yan uwanta sun kawo mata ziyara ƙasa ƙasa suke magana suna murmushi. Samari su kuma daga gidan kallo da waya suka same shi, fim ɗin harbe-harbe da mawaƙan Amurka da masu sharhin ƙwallon Ingila, don haka a kunnensu yaren kuɗi ne da mota da rashin tsoro. Yare guda ne fa, amma Alhaji na jin tsawa gwaggo na jin kunya yara na jin dala.

Faransanci ma haka ya sha a hannunmu. A duniya ana ta yi masa kirari wai yaren soyayya, to je ka gaya wa tsohon da ya ji labarin aikin tilas da haraji daga bakin ubansa, a garin da Faransawa suka shigo a 1899 suka mai da shi babban birnin mulkinsu har 1926 kafin su koma Yamai, ka ji ko zai ce maka akwai soyayya a ciki. Shi kumandan yake ji.

Masana ma sun gwada abin. A shekarun 1970 Howard Giles da abokan aikinsa sun sa mutanen Wels da ba su jin Faransanci sun saurari karin Paris da na Kanada, wanda su masu yaren ke ɗaukar na farkon a matsayin na manya na biyun na ƙauye, mutanen nan ba su ji wani ya fi wani daɗi ko daraja ba. A 2023 kuma wasu masu bincike, ciki har da na jami'ar Lund a Suwidin, sun sa mutum sama da 800 sun saurari harsuna 228, abin da ya fito shi ne mutane sun fi yaba wa yaren da suke ganin sun san shi, waɗanda ba su sani ba kuwa bambancin da ke tsakaninsu ɗan kaɗan ne.

Mu ma fa haka muke faɗawa a kunnen wasu, kada mu manta. Ɗan ƙasar nan ne Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, wanda Bajamushen nan mai yawon bincike Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855, ya zauna wurin wani mai wa'azin Kirista Schön a Ingila yana ba shi labari da Hausa shi kuma yana rubutawa. Schön ɗin nan ya yi ƙoƙari iyakar ƙoƙari amma hawa da saukar muryar Hausa bai shiga rubutunsa ba, kukan yaro da kukar miya duk ɗaya suke a takardarsa, sai can baya irin su ƙamus ɗin Bargery na 1934 suka zo da alamun. Yadda mu ba ma jin wasulansu haka su ba sa jin karinmu, ba wanda ya fi wani kunne. Kuma duk wanda ya taɓa zuwa kudancin Najeriya ya san yadda masu barkwanci can ke kwaikwayon Bahaushe, a ce kai a ce walahi a juya fa ta koma pa, jama'a na ta dariya, mu kuma ranmu na ɓaci muna cewa ai ba haka muke magana ba. To haka ɗan Sin zai ji in ya ga yaron fadarmu.

Edita, da a ce abin ya tsaya a raha da ban ɗauki waya na yi wannan dogon rubutu ba. Inda yake ciwo a aji ne. A ƙasar nan a sizyam, ajin farko na kwaleji, yaro ke fara Ingilishi, wato bayan ya shekara shida yana fama da Faransanci, don haka kunne biyu yake zuwa da su na Hausa da na Faransanci, kuma da yawa cikin malaman su ma ta hannun Faransancin suka bi, sai a samu ha ta ɓace a farkon kalma, sautin tsakanin haƙora ya koma za, nauyi kullum a gaɓar ƙarshe. 'Yar ƙanwata tana wannan ajin, yarinya ce mai kai, ta yi ta sauraron darussa a wayar uwarta har ta iya lanƙwasa harshen nan. Ranar da mushe ya ce ta tashi ta karanta, ta buɗe baki ta yi yadda ta ji ana yi, aji ya kwashe da dariya, daga baya wani ya ce 'yar Amurka an sauka lafiya, sunan kuma ya bi ta har bakin famfo. Da ta koma karantawa irin ta kowa don a ƙyale ta, hutu ya zo ta je Kano wurin dangi, can kuma 'ya'yan gidan suka yi ta dariya wai Ingilishin Faranshi. Yanzu in an yi tambaya ko ta sani ba ta ɗaga hannu. In yaro ya gyara baki mu ce iyayi ne yana karya harshe, in bai gyara ba mu ce baƙauye, to ta ina zai bi? Ina tausayin maza amma na fi tausayin mata, don su har da cewa ake ta fetsare, kamar akwai fitsara a cikin wasali.

Ni a nawa ganin ba sai ɗan Damagaram ya zama ɗan Amurka ba. Masu amfani da Ingilishi a duniya ana ƙiyasta su wajen biliyan ɗaya da rabi, waɗanda suka tashi da shi a matsayin yaren uwa ba su fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk irinmu ne kowa da karin garinsu, kuma wanda yaronmu zai yi hulɗa da shi gobe ɗan Legas ne ko ɗan Akara ko mai shago a Dubai ko injiniyan Sin ko likita a Indiya, ba jarumin fim ba. Ra ɗinmu ta Hausa ba ta hana kowa fahimta, mutanen Sikotlan ma suna kaɗa tasu kuma ba wanda ya ce ba Ingilishi suke ba. Abin da ke hana fahimta shi ne dukan gaɓar da ba ita ba da rashin bambanta dogon wasali da gajere, wanda kuwa Bahaushe ya riga ya iya tun a gida in dai an nuna masa. Misali 15 da 50, ɗaya fiftin ɗaya fifti, na farkon nauyinsa a ƙarshe da wasali dogo na biyun a farko, ɗan kasuwar da bai kama wannan ba a waya yana iya tafka asarar da zai daɗe bai manta ba, kuma ba ruwan wannan da karkace baki ko cewa men. A kan irin waɗannan ya kamata malamai su ɓata lokacinsu.

Roƙona ga gidajen rediyon garin nan masu shirin koyar da Ingilishi, don Allah a riƙa sako muryoyi iri iri, a sa ɗan Gana a sa 'yar Kenya a sa Ba'indiye a sa Bakano da ya iya, a sa tsohuwa tana ba jikanta labari, ba kullum murya ɗaya ba, yara su ji da kunnensu cewa yaren yana da fuska fiye da guda. Malamai kuma in yaro ya tashi karatu aka yi masa dariya a tsawata, don dariyar nan ta fi jan biro kashe gwiwa. Jami'ar André Salifou tana nan cikin gari da ɗalibai masu karanta harsuna, me zai hana su riƙa leƙa kwalejojin unguwanni ko da ranar Asabar ce suna hira da ƙannensu.

Kai kuma Edita in da hali a buɗe mana ɗan gurbi a jaridar nan ko sau ɗaya a mako, a ɗauki sauti guda na Ingilishi a bayyana shi da Hausa tsantsa, ina harshe ke zuwa ina leɓe ke zuwa, a kwatanta shi da namu kai tsaye ba sai an ratsa ta Faransanci ba. Akwai malamai a Zinder da Maraɗi da Kano da Katsina da za su iya rubuta shi in an nema, ni ma in an fara zan turo tambayoyin yaran gidanmu. Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka mai karatu kullum,
daga unguwar Birni, Damagaram